Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manyan Safiyo, Hukumomin Ba Da Lasisi Da Malaman Awon Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena a wannan sana'a, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manyansa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, domin maganar da ke tafe da ni ta taɓa kowannenku, kuma wasu wuraren ba za su yi daɗin ji ba.

Babu tambayar da matasa masu sha'awar aikin safiyo suka fi yi kamar wannan: in tafi jami'a in yi digiri, ko in nemi ubangida in shiga ƙarƙashinsa in koya a fili? Amsar da yaro zai samu ta danganta da ƙofar da ya fara ƙwanƙwasawa. In ya faɗa hannun tsohon ɗan fili, zai ce masa 'yan digiri ko daidaita na'ura a kan ƙafafunta ba su iya ba, ɓata shekaru ne kawai. In ya faɗa hannun malamin jami'a, zai ce masa wanda bai yi karatu ba zai tsufa yana riƙe wa wasu sanda. Abin baƙin cikin shi ne kowannensu yana da tasa gaskiyar, kuma mu ne muka bari ta tabbata, don mun shimfiɗa hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa a ko'ina. Roƙona ɗaya ne: ku haɗa su. Duk ta inda yaro ya shigo, ya tarar da matakai a rubuce waɗanda za su kai shi ga lasisi in ya yi haƙuri ya yi ƙoƙari, kuma kada a damƙa wa kowa hatimi sai ya haɗa lissafi da fili.

Bari in fara da ɗan koyo, tunda shi ne ba shi da mai magana da yawunsa a tarukanku.

A watanninsa na farko aikinsa sara ne da ɗauka. Ya share layi da adda, ya saɓa ƙafa-uku, ya rungumi akwatin na'ura, ya buga turaku, ya tsaya da sandar madubi inda aka nuna masa. Ba na raina wannan ko kaɗan, a nan ido yake buɗewa. Wanda ya tsaya cikin rana yana kallon 'yar kumfar da ke jikin sanda, yana fama ya tsayar da ita a tsakiyar da'ira iska na kaɗa shi, shi ne ya san cewa sandar mita biyu in ta karkata digiri ɗaya tak, madubin ya bar kan turke da santimita uku da rabi, kuma na'urar da ke can nesa za ta karɓi awon ta adana ba tare da ta gaya wa kowa ba. Yana koyon inda ake kafa tasha don kada motar yashi ta tumɓuke ta gobe. Yana koyon taka ƙafafun na'ura su nutse sosai in ƙasa mai laushi ce. Yana gane cewa da tsakar rana lambobin sanda rawa suke yi a cikin madubin hange saboda hucin ƙasa, gara a yi aikin lebur, wato awon tsayi, da sanyin safiya ko da la'asar. Waɗannan abubuwa ba a allo ake samunsu ba, kuma duk safiyon da ya rasa su akwai giɓi a aikinsa komai tarin takardunsa.

Matsalar tana farawa ne a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da ya kamata a ɗauke shi daga bayan sanda a zaunar da shi gaban takarda. Da yawa daga cikin iyayen gida ba sa yin haka. Wasu aiki ne ya yi musu yawa. Wasu yaron ya fi musu amfani a inda yake. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, tsoro suke kada ya iya ya kama gabansa ya ɗauke musu masu kawo aiki. Sai a koya masa latsa maɓalli a ɓoye masa dalili. Ya san yadda ake zagaye fili da total siteshan, na'urar auna kusurwa da nisa, a dawo inda aka fara, amma ba a taɓa nuna masa cewa kusurwoyin ciki na fili mai gefe biyar dole su haɗu su ba da digiri 540 ba, balle a koya masa yadda zai gane ko abin da ya saura ƙaramin kuskure ne da ake rarrabawa a kan tashoshi, ko kuwa na komawa fili ne a sake. Ba a gaya masa cewa kuskuren minti ɗaya a kusurwa yana zama santimita 29 bayan tafiyar kilomita ɗaya ba. Shekara goma yana fita aiki kullum, hannunsa ya ƙware, amma in na'ura ta ba shi amsar banza ba shi da abin da zai kama ta da shi.

Ga misali guda da ke raba wanda aka karantar da wanda aka bari. A auna tsakanin turaku biyu a ƙasa a sami mita 1,000 cif, sannan a lissafa nisan daga lambobin da ke kan taswira a sami mita 999.6. Ɗan koyon da ba a zaunar da shi ba zai rantse cewa ɗaya daga ciki ƙarya ce: ko na'ura ta lalace, ko wanda ya yi aikin farko ya yi sakaci. Alhali duka biyun daidai ne. Duniya mulmulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma tsarin zana taswira na UTM da ƙasashe da yawa ke aiki da shi ya yanka duniya gida 60, kowanne faɗin digiri shida, ya kuma ninka nisa da 0.9996 a tsakiyar kowane yanki, wato ragin santimita 40 a kowace kilomita. In wurin yana kan tudu mai tsayin mita 1,000 sama da teku, akwai ƙarin ragin kusan santimita 16 a kilomita. A ɗan filin gida ba za a ji shi ba. A layin bututu ko titi ko babbar gona za a ji shi, wani lokacin a gaban alƙali. Bayanin wannan ba ya cin rabin awa ga yaron da ya san ninkawa. Me ya hana mu ba shi rabin awar?

A da, sana'ar da kanta tana tilasta wa ɗan koyo lissafi. Zamanin sarƙa da tiyodolait, tsohuwar na'urar auna kusurwa, awo ba ya zama taswira sai an dawo an zauna da littafin fili an yi ta buga lissafin kusurwoyi da hannu, kuma yaron da ke kusa ko bai so ba sai ya tsinci wani abu. Yau taurarin GPS na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin suna shawagi a sama, na'urar RTK mai karɓar siginarsu tana ba da matsayi cikin santimita ɗaya zuwa biyu kafin ka share gumi, jirgi marar matuƙi yana ɗauko hoton fili mai faɗi cikin wuni guda. Ni'ima ce, ba na kewar wahalar da aka huta da ita. Sai dai allon nan zai nuna lamba mai kyan gani ko da an tsaya a gindin katangar kwano ko ƙarƙashin babbar bishiya, inda sigina ke karo da abu tana dawowa a karkace. Zai nuna ta ko da an zaɓi tushen awo, wato mafarin da ake ƙidaya lambobi daga gare shi, wanda ba shi ne na tsohuwar taswira ba. Zai ba da tsayin wuri, alhali tsayin da tauraro ke bayarwa daga wata siffar duniya ta lissafi yake farawa, kuma bambancinta da matakin teku yakan kai gomman mitoci, a wasu sassan duniya har kusan mita 100. Ruwa kuwa matakin teku yake bi, don haka wanda bai san wannan ba bai kamata a bar shi shi kaɗai da aikin magudana ba. Sauƙin na'ura ya ƙara wa ɗan koyo buƙatar karatu, amma mu sai muka ɗauke shi a matsayin dalilin rage masa.

Maganar tushen awo ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya je Greenwich a Landan ya tsaya a kan layin da aka amince da shi a 1884 ya zama mafarin ƙidayar gabas da yamma, wayarsa ba za ta nuna masa sifili ba, domin sifilin GPS yana gabas da wurin da kimanin mita 102. A garin Laufenburg kuma, a kan kogin Rhine, Jamus da Suwizalan sun gina gada da aka gama a 2004, kowa ya taso daga nasa ɓangaren. Jamus tana ƙidaya tsayi daga matakin teku a Amsterdam, Suwizalan daga Bahar Rum a Marseille, kuma tsakaninsu akwai santimita 27. Masu aikin sun san da wannan bambanci. Wajen gyara shi ne ƙari da ragi suka juye, ya ninka ya zama santimita 54, sai da gini ya yi nisa aka gano aka gyara. Sanin cewa tushen awo biyu sun bambanta daga aji ake samunsa. Ɗabi'ar cewa kada ka yarda da lamba sai ka je ka gwada ta a kan abin da ka tabbatar, wannan a fili ake samunta, daga ubangidan da ba ya barin a naɗe kaya sai an koma an rufe awo a kan tashar da aka sani.

Yanzu ga ɗan digiri, kuma a nan maganata ta fi karkata gare ku malamanmu. Ɗalibinku ya fito ya san siffar duniya, ya iya sarrafa taswira a kwamfuta, ya karanta hanyar rarraba kuskure da masanin lissafi Legendre ya wallafa a 1805, takwaransa Gauss kuma a 1809. Madalla. Amma a sassa da yawa na'ura ɗaya ce ko biyu ga aji guda, ranar fita aiki mutum uku ne ke taɓa ta saura suna tsaye a inuwa suna kwafar lambobi. Akwai waɗanda ke karɓar digiri ba su taɓa kafa na'ura su kaɗai sun kai aiki ƙarshe ba. Gauss ɗin da kuke koyar da lissafinsa ya shafe shekaru a farkon shekarun 1820 yana hawa tuddai yana awon masarautar Hanover da kansa, har buƙatar aikin ta sa ya ƙera madubin da ke harba hasken rana zuwa tasha mai nisa. Bai ga fili a matsayin aikin ƙananan ma'aikata ba.

Inda ɗan digiri ya fi shan wuya shi ne aikin iyaka. An ba shi tsohuwar taswira, ta ce akwai turken siminti a kusurwar arewa. Ya je babu turke. Ya saka lambobi a na'ura, ta kai shi mita ɗaya da rabi cikin katangar maƙwabci, katangar da ta fi shi shekaru. Mai fili yana tsaye yana cewa a buga turke a nan, maƙwabci ya fito da 'ya'yansa, murya ta fara tashi. Sabon shiga zai yarda da allonsa ya buga. Wanda ya daɗe a sana'a zai ajiye na'urar ya ɗauki shebur. Zai tona inda yake zato ko zai ci karo da guntun tsohon turken da ya karye a ƙasa, zai nemo sauran turakun ya ga ko dukkansu sun goce da mita ɗaya da rabi zuwa gefe guda, wanda ke nuna tushen awo ne ya bambanta, zai nemi littafin filin wanda ya yi awon farko, zai saurari tsofaffin da suka ga lokacin da aka kafa. Ya san cewa a dokokin ƙasashe da yawa asalin alamar da aka kafa a ƙasa ta fi lambar da ke takarda ƙarfi. Ya kuma san yadda zai gaya wa wanda ya biya shi kuɗin aiki cewa gaskiya ba ta gefensa, ba tare da an zare wuƙa ba. Safiyo mai kawo hujja ne, hukunci na kotu ne, kuma wanda ya biya shi bai sayi bakinsa ba. Duk wanda ya san gargaɗin da ya zo a hadisi a kan mai cin taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, da la'anar da aka yi wa mai canza alamar iyaka, ya san nauyin abin da muke miƙa wa yaro ranar da muka ba shi hatimi. Wannan nauyi ba ya shiga jikin mutum ta takardar jarrabawa, sai ya tsaya kusa da babba ya ga yadda yake ƙin abin da ake ƙi.

In muka waiwayi tarihin sana'ar za mu ga ba ta taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya ba. Babban awon ƙasar Indiya da William Lambton ya fara a 1802 ya isa misali. A cikinsa akwai Radhanath Sikdar, wanda ya fito daga kwaleji a Kalkata ya shiga aikin a matsayin mai lissafi. Shi ne a 1852 ya gano, daga kusurwoyin da wasu suka hango daga nisan fiye da kilomita 150, cewa dutsen da ake kira na 15, wanda yau ake kira Everest, ya fi kowane dutse tsayi a duniya. A 1856 aka sanar da tsayinsa ƙafa 29,002, kuma awon da Sin da Nepal suka sanar a 2020, mita 8,848.86, bai fi shi da mita goma ba. A cikin wannan aiki dai akwai Nain Singh, malamin makarantar ƙauye daga tsaunukan Himalaya, wanda aka horar da shi a aikace har takunsa ya daidaita, taku dubu biyu mil guda, yana ƙirga su da carbi mai ƙwaya ɗari. Da ƙafa ya isa Lhasa, babban birnin Tibet, a 1866 ya dawo da awon ƙasar da Turawa ba su da ikon shiga, kuma a 1877 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinare. Sikdar ba zai sami abin lissafawa ba in ba a hango an rubuta ba, takun Nain Singh kuma ba zai zama taswira ba in ba a lissafa ba.

Masu kushe karatu suna son ambaton shugabannin Amurka biyu: George Washington, wanda aka naɗa safiyon gundumar Culpeper a 1749 yana ɗan shekara 17, da Abraham Lincoln, wanda ya zama mataimakin safiyo a jihar Illinois a 1833 ba tare da ya shiga jami'a ba. Gaskiya ne. Amma su biyun sun zauna da littattafan lissafi sun karanta, kuma kayan aikinsu sarƙa ne da kamfas. Abin da labarinsu ke nunawa shi ne an bar musu ƙofa a buɗe, suka yi karatun da zamaninsu ke buƙata.

To, ranku ya daɗe shugabannin hukumomin rajista, mabuɗin yana hannunku. A duk inda doka ta ce babu lasisi sai da digiri, kuma ba a tanadi wata hanyar da mai aiki zai sami digirin ba tare da ya ajiye abincinsa ba, an rufe ƙofa a fuskar duk yaron da iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyin shekara huɗu ko biyar ba. Ba cewa nake a sassauta jarrabawa ba. A bar ta da tsaurinta, in ma da hali a ƙara. Abin da nake nema shi ne a bar mutum ya iso gare ta ta hanya fiye da ɗaya. Wasu sun riga sun yi. A Jamus ana horar da ma'aikacin awo shekara uku, yana aiki a ofis ana biyansa yana kuma zuwa makarantar sana'a, ya fito da shaidar da ƙasa ta sani, wadda zai iya ɗorawa a kai. A Ingila tun 2015 akwai tsarin da mutum ke aiki a kamfani yana karɓar albashi yana kuma yin digiri a lokaci guda, kuma aikin awo na cikin sana'o'in da suka shiga. A Amurka kowace jiha da dokarta: wasu sun wajabta digirin shekara huɗu, wasu suna karɓar ƙarin shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi a madadinsa, amma duka ana zama jarrabawar tushen ilimi da ta ƙwarewa. Ba sai an kwafo na wani sak ba. Abin ɗauka shi ne yaron da ya shiga ya san tun ranar farko mataki nawa ne a gabansa da abin da kowane mataki ke nema.

Abu mafi sauƙi da za ku fara da shi shi ne kundin aiki. A yi wa ɗan koyo rajista tun ranar da ya fara, a ba shi kundi mai lamba wanda mallakarsa ne, a riƙa rubuta irin aikin da ya yi, da na'urar da ya riƙe, da lissafin da ya yi da hannunsa, ubangida ya sa hannu duk bayan 'yan watanni, kwafi ya tafi hukuma. Na ga mutumin da ya yi shekaru masu yawa a ƙarƙashin wani, ranar da suka saɓa aka hana shi takardar shaida, ya fita kamar bai taɓa riƙe tef ba. Ba daidai ba ne makomar mutum ta rataya a kan fushin mutum ɗaya ko mutuwarsa ko rufewar ofishinsa.

Ku kuma iyayen gida masu ofisoshi, ɗaukar ɗan koyo amana ce. A rubuta yarjejeniya: shekara nawa, me za a koya masa a kowace shekara, nawa za a riƙa ba shi. A biya shi abin da zai ci ya yi sutura, domin koyon da babu biya 'ya'yan masu hali kaɗai ke iya jure shi, su kuwa dama suna da hanyar jami'a. A ware masa wuni guda a mako na zama ofis, ya sauke awon da ya ɗauko da kansa, ya ga inda bai rufe ba, ya zana taswirar, a gyara masa da jan biro. In ya sami gurbin karatun yamma ko na ƙarshen mako a sake shi ya je. 'Yan mata ma a buɗe musu, a daina yanke musu hukunci tun daga bakin ƙofa cewa ba za su iya rana ba, ko a tura su gaban kwamfuta a hana su fili, daga baya a ce ba su da kwanakin filin da za su nemi lasisi. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗa: mai lasisi ya zauna a ofis, waɗanda ba su da lasisi su yi awo su kawo masa ya buga hatimi a kan filin da bai taɓa takawa ba, a raba kuɗi. Rufaffiyar ƙofa ce ke ciyar da wannan ciniki. Ƙwararren da ba shi da hanyar samun hatiminsa dole ya yi hayar na wani, kuma yaran da ke kallo suna koyon cewa sa hannu haja ce.

Malaman jami'a da na kwalejojin fasaha, ku karɓi shekarun fili a matsayin wani ɓangare na karatu. Wanda ya zo da kundin aiki ingantacce ya kuma ci gwajin shiga, bai kamata a mayar da shi ajin koyon kafa ƙafa-uku ba, a ba shi lissafi da doka da ilimin siffar duniya waɗanda su ya zo nema, a lokutan da mai aiki zai iya halarta. Kasancewarsa a aji ma riba ce ga sauran ɗalibai. Naku ɗaliban kuma kada wanda ya fita sai ya yi zaman fili na makonni, ya kafa tashoshinsa, ya rufe awonsa, ya kare taswirarsa a gaban safiyo mai aiki. Dokar ƙasa da hujjojin iyaka su sami lokaci daidai da na manhajar kwamfuta, domin manhaja tana sauyawa duk bayan 'yan shekaru, rigimar iyaka kuwa tana nan yadda take.

Na san abin da wasunku za su ce: in aka buɗe hanya darajar sana'a za ta zube, kuma aikin ba zai ishi kowa ba. Darajar sana'a tana cikin ingancin taswirar da ke ɗauke da hatimi, kuma jarrabawa mai tsauri da hukunta mai sayar da sa hannu ne ke tsare ta. Batun ƙarancin aiki kuwa, a ƙasashe da yawa mafi yawan filaye ba a taɓa auna su an yi musu rajista ba, garuruwa suna faɗaɗa fiye da yadda muke iya bin su, ga tituna da madatsun ruwa da layukan wuta da ke jiran awo. Ruwanda ta shata filaye sama da miliyan goma tsakanin 2009 da 2013, ta hanyar horar da mutanen yankuna su bi iyakoki da hotunan sama a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Irin wannan awo ba zai maye gurbin awon santimita a tsakiyar birni ba, ban kuma ce ya maye ba. Amma ya nuna girman aikin da ke jira, ya kuma nuna cewa za a iya raba shi mataki-mataki, kowa da iyakar abin da aka yarje masa ya sa wa hannu. Abin da ya rage shi ne wanda ya fara daga ƙasa ya sami hanyar hawa.

Kafin ku yi wannan gyara, matasa ba za su daina zuwa da tambayarsu ba, kuma abin da nake gaya musu ke nan. Ka fara da karanta dokar lasisi ta inda kake son yin aiki, don ita ce za ta gaya maka ko hanyar koyo tana kaiwa ga hatimi ko a matakin mataimaki take tsayawa. In kana da halin jami'a ka tabbatar hukumar rajista ta amince da kwas ɗin kafin ka biya ko sisi, kuma kowane hutu ya same ka a fili kana riƙe wa wani sanda. In koyo za ka shiga, ka tabbatar ubangidan yana da lasisi, ka tambayi inda yaransa na baya suke yanzu, ka riƙe littafinka kana rubuta aikin kowace rana, kada kuma ka bar lissafin kusurwoyi ya kwana. Ina faɗa musu haka ne ina jin nauyi, don na san rabin shawarar dabarar kauce wa ramukan da mu manya ya kamata mu cike ne.

Ina roƙon ku sa maganar kundin aiki da rajistar 'yan koyo a jerin abubuwan da za ku tattauna a babban taronku na gaba, ku kuma gayyato 'yan koyo da sababbin masu digiri su yi magana da bakinsu a zauren. Kundin ba ya buƙatar sabon gini ko sayen na'ura, shawara ce da za ku iya yankewa a zama ɗaya. Sauran, na karatun yamma da gyaran dokar lasisi, za su ɗauki lokaci, sai a sa musu wa'adi a kuma faɗi wanda zai bi su.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin ƙannenku a sana'ar awon ƙasa